Rigakafin Ƙyanda a Jihar Agadas: Yaran da Lissafi Bai Kai Gare Su Ba

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda allurar rigakafin ƙyanda ke isa ga ƙananan yara a jihar Agadas ta Jamhuriyar Nijar, da abubuwan da ke tare mata hanya. Ta dogara ne da binciken da aka riga aka wallafa a kan ƙyanda a Nijar da maƙwabtanta, da sakamakon manyan binciken lafiyar iyali na ƙasa, da rahotannin annobar 2021. Matsayinta shi ne, tsarin rigakafin da ake bi an gina shi domin mutanen da ke zaune wuri ɗaya, alhali kaso mai yawa na yaran Agadas 'ya'yan masu tafiya ne: makiyaya, masu neman zinariya, da waɗanda ake dawowa da su daga Aljeriya. Waɗannan yara ba sa cikin adadin da ake lissafi da shi, kuma allura ba ta tarar da su a ranar da ta dace.

Gabatarwa



A watanni ukun farko na 2021, Ma'aikatar Lafiya ta Nijar ta ƙidaya mutum 3,213 da suka kamu da ƙyanda. A daidai wannan lokaci na 2020, mutum 1,081 aka samu. Cikin watan Afrilu adadin ya haura 6,000, gundumomin lafiya 27 kuma suka shiga halin annoba. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ta shiga aikin rigakafin gaggawa a wannan shekara, ta ambaci jihohi uku da abin ya fi tsanani: Agadas, Doso da Tawa.

Doso da Tawa ba su ba kowa mamaki ba, ƙasashen noma ne masu garuruwa kusa da juna. Agadas ce abin tambaya. Faɗinta murabba'in kilomita 667,799 ne, fiye da rabin ƙasar Nijar, amma ƙidayar 2012 mutum 487,620 ta samu a cikinta. Wato ko mutum ɗaya bai cika ba a kowane murabba'in kilomita. Ƙyanda kuwa cutar cunkoso ce, ba ta rayuwa sai inda numfashi ke haɗuwa da numfashi. Yaya aka yi jihar da ta fi kowace sarari ta shiga sahun gaba? Tambayar da na zo da ita ke nan.

Lissafin da ƙyanda ba ta yafewa

Ƙyanda, wadda wasu ke kira dussa ko baƙon dauro, tana cikin cututtukan da suka fi saurin yaɗuwa a duniya. A cikin jama'ar da ba ta da kariya, mai ita ɗaya yana iya harbin mutum 12 zuwa 18. Ƙwayar cutar tana iya zama cikin iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita. Abin da ya fi muni, yaro yana fara yaɗa ta kwana huɗu kafin ƙurajen su bayyana, lokacin da uwarsa ke ganin mura ce da zazzaɓi. Kafin a gane a keɓe shi, ya riga ya raba wa 'yan ɗakinsu da abokan wasansa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sai an yi wa yara 95 cikin 100 allura sau biyu, a kowace gunduma, kafin a ce an tare mata hanya.

Dalilin maimaita allurar yana buƙatar a tsaya a kansa. A Nijar ana yin ta farko ne idan yaro ya cika wata 9. A wannan lokaci sauran garkuwar da ya gada daga jinin uwarsa takan hana allurar kamawa a jikin wasu, don haka kusan 85 cikin 100 ne take kamawa. Da za a jira ya shekara, da ta fi kamawa, to amma a ƙasashenmu ƙyanda ba ta jiran yaro ya shekara. Mu ɗauki yara 1,000 da aka haifa a shekara ɗaya. Idan an yi wa 800 allura, abin da kowane shugaban gunduma zai yi murna da shi, 680 ne suka samu kariya. Saura 320. Bayan shekara uku an tara kusan 1,000, kamar an bar haihuwar shekara guda cur babu allura. Makiyayin Ingal ya san wannan hali daga ciyawa: shekarar da ta fi yawa ta bushe a tsaye, shekarar ce ake tsoron gobarar daji, tartsatsi ɗaya ya isa. Shekarun da aka yi shiru ba a ji ƙyanda ba, yaran da ba su da kariya ne ke taruwa.

Kuma ba cutar da za a yi wasa da ita ba ce. Binciken da Nandy da abokan aikinsa suka yi a gundumar Mirya ta jihar Damagaram, a kan annobar 2003, ya gano cewa 9.7 cikin 100 na waɗanda suka kamu sun rasu. Na Grais da abokanta, wanda ya fito a 2007, ya samu 4.6 cikin 100 a tsakanin yara 'yan ƙasa da shekara biyar a unguwar Bukoki, cikin birnin Yamai, inda asibiti ke kusa. Ciwon huhu da gudawa ne suka fi kisa, wasu kuma su rasa ido, musamman yaran da tamowa ta riga ta kama. Wanda ya tashi ma bai gama tsira ba. Aikin Mina da abokansa na 2019 ya nuna ƙyanda tana goge kashi 11 zuwa 73 cikin 100 na sinadaran garkuwar da yaro ya tara a kan wasu cututtuka. Mutuwar da ke biyo baya watanni bayan ƙurajen sun bushe, ba a rubuta ta da sunan ƙyanda a kowane kundi.

Abin da alƙaluman ƙasa suka nuna, da abin da suka rufe

Adalci ne a fara da yabo. Nijar ta ƙaddamar da shirinta na rigakafin yara a 1987, kuma ta yi tafiya mai nisa. Binciken lafiyar iyali na 1998 ya samu yara 35 cikin 100, 'yan wata 12 zuwa 23, da aka yi wa allurar ƙyanda. A 2006 sun kai 47, a 2012 kuma 69. A Disambar 2004 aka yi babban gangamin ƙasa na yara daga wata 9 zuwa shekara 14, wanda ya karya annobar da a shekarun baya ke kama dubun-dubatar mutane. An gina ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka tun farkon shekarun 2000, a 2006 kuma aka ɗauke wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar biyan kuɗin magani. Amouzou da abokansa sun nuna a mujallar Lancet cewa mutuwar waɗannan yara ta sauko daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. A 2014 aka shigar da allurar ƙyanda ta biyu cikin jadawali, ana yin ta a shekara ta biyu ta rayuwar yaro. Duk da haka, ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF bai taɓa kai Nijar ga 95 ba a allurar farko, ta biyu kuwa kullum tana can baya.

To ina Agadas a cikin wannan labari? A binciken 1998 an haɗa ta da Tawa ne aka fitar da adadi ɗaya, kuma tun da mutanen Tawa sun ninka nata sau da yawa, adadin na Tawa ne. A wasu daga cikin waɗannan bincike ba a shiga gundumar Bilma ba sam, saboda wahalar hanya. Na 2017 kuwa an yi shi, amma ba a saki sakamakonsa ba saboda matsalar ingancin bayanai. Bayan wannan akwai matsalar da ke cikin hanyar binciken kanta. Ana zaɓen gidaje ne daga taswirar ƙidaya, mai tambaya ya je ya yi sallama a ƙofa. Iyalin da jiya suke wannan kwari, yau suka tashi zuwa wancan, ba su da ƙofar da za a yi sallama a kanta.

Wani abu kuma da ba a cika lura da shi ba: in ban da Yamai, babu jihar da ta kai Agadas yawan kason mazauna birni. Birnin Agadas da Arlit sun ɗauki kaso mai tsoka na jama'ar jihar, kuma nan ne asibitoci da wutar lantarki da makarantu suke. Idan aka fitar da adadi ɗaya na jiha, yaran waɗannan birane biyu ne ke ɗaga shi, sai ya fito da kyan gani. Yaran tsaunukan Abzin, da na filayen Irhazar, da na Kawar, suna ɓoye a ƙarƙashinsa.

Alƙaluman wata-wata da cibiyoyin lafiya ke aikawa su ma suna da nasu ciwon. Ana raba yawan allurar da aka yi ne da yawan yaran da ake hasashen akwai a yankin cibiyar, hasashen kuma daga ƙidayar 2012 yake tasowa. Amma zinariyar Jado a 2014 ta bayyana, shekara biyu bayan ƙidayar, ta Cibarakatan ta biyo baya, mutane suka kwararo daga ko'ina. Kamfanin COMINAK kuma ya rufe mahaƙarsa ta Akokan a ƙarshen Maris 2021, iyalai suka watse. Cibiyar da baƙi suka cika yankinta tana iya aiko da rahoton ta wuce 100 cikin 100, a yaba mata, alhali akwai ɗaruruwan yaran da ba ta taɓa gani ba. A rahotonta na 2021, MSF ta ce akwai cibiyoyin lafiya a ƙasar da ba su wuce 50 cikin 100 ba. Ƙyanda da irin waɗannan wurare take aiki, ba ta duba matsakaicin jiha.

Nisa, wata shida, da kwalba mai allura goma

Blanford da abokan aikinta sun auna a 2012 yawan 'yan Nijar da ke iya isa cibiyar lafiya da tafiyar ƙafa ta awa ɗaya. Sun samu 39 cikin 100 da rani, 24 da damina, kuma yaran da ke cikin wannan tazara sun fi sauran samun cikakkiyar allura nesa ba kusa ba. Wannan na ƙasa baki ɗaya ne. A Agadas, inda daga babban birnin jiha zuwa Arlit kusan kilomita 240 ne, zuwa Bilma kuma fiye da 600 cikin hamadar Tenere, zancen awa ɗaya na mutanen gari ne kawai.

Tsarin ya san da haka, ya kuma yi tanadi. Wanda ke cikin kilomita 5 daga cibiya shi zai zo. Daga 5 zuwa 15 ma'aikaci ne zai hau babur ya je. Abin da ya haura 15 sai motar gunduma. Matsalar ita ce, a yawancin jihohi kashi na ukun ciko ne, a Agadas kuwa shi ne ginshiƙin aikin. Kuma shi ne mafi tsada: mai, taya, direban da ya san hanya, kuɗin kwanan ma'aikata, wani lokaci har da rakiyar jami'an tsaro. Duk ranar da kuɗi suka yanke, fitar mota ce ake fara sokewa, domin babu wanda zai zo ofis ya yi ƙorafi a kanta. Wanda aka hana yana can nisan kwana biyu.

Jadawalin da aka daɗe ana bi shi ma yana da rami. Jariri yana samun allura ranar haihuwa, sai a mako na 6, na 10 da na 14. Waɗannan suna kusa da juna, uwa tana cikin jego ko ta fito ba da jimawa ba, sau da yawa tana gidan iyayenta. Daga nan sai shiru har wata 9, kusan wata shida. Ga matar da ke unguwa cikin Agadas, wata shida mantuwa ce kawai, maƙwabciya za ta tuna mata. Ga matar makiyayi, cikin wata shida damina ta sauka ko ta ɗauke, an tashi daga rijiyar da ke kusa da ɗakin shan magani an bi ciyawa. Ma'aikacin da ya rubuta sunan yaron yana nan yana jira, yaron kuma yana yankin wata cibiya wadda ba ta san da shi ba.

A ce ma uwar ta yi ƙoƙari ta zo. A nan ne abin da na fi so mu tattauna yake. Allurar ƙyanda gari ce a cikin 'yar kwalba, ana ajiye ta a sanyin digiri 2 zuwa 8, kuma kwalbar da aka saba kawowa ta yara goma ce. Da zarar an zuba mata ruwan haɗi, awa shida gare ta, abin da ya rage sai zubarwa. Ga ma'aikaci a ɗakin shan magani, ga mata biyu a kan tabarma, kowace da goyonta da karne, wato katin rigakafin yaro, a hannu, ɗaya tun asuba ta taso a kan jaki. Ya buɗe firji ya ga kwalba uku suka rage, bai san ranar da za a kawo wasu ba, kuma a taron gunduma na baya an yi faɗa a kan yawan asarar allura. Idan ya fasa kwalba domin yara biyu, takwas sun tafi. Sai ya auna yaran, ya duba karne, ya ce su dawo ranar kasuwa, lokacin da za a samu yara da yawa. Ba mugunta ya yi ba, tattali ya yi. Amma mai jakin ba za ta dawo ba.

Lissafi ma yana nuna cewa jiran nan ba shi da ranar ƙarewa. A ƙasar da ake haihuwar kusan yara 45 cikin kowane mutum 1,000 a shekara, zangon da ke da mutum 500 zai samu jarirai 22 ko 23, wato yara biyu ne ke cika wata 9 a kowane wata. Kwalbar goma an yi ta ne domin Maraɗi da Damagaram. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya a fili take, a fasa kwalba ko domin yaro ɗaya ne, kuma kuɗin allurar yaro ɗaya bai kai dalar Amurka 1 ba. Amma ƙa'idar da ke cikin littafi ba ta rinjayar faɗan da mutum ya sha a gaban abokan aikinsa. Akwai kwalba mai allura biyar, an kuma gwada ta a Zambiya, inda aka ga ma'aikata sun fi sakin jiki su fasa ta, asara ta ragu, yaran da aka yi wa suka ƙaru. Idan akwai jihar da ta cancanci a fara kawo mata ita a Nijar, Agadas ce.

Makiyaya

A 1992 Loutan da Paillard suka wallafa wani ɗan gajeren bincike a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda har yau ban ga abin da ya fi shi haska wannan batu ba. Sun gwada jinin Abzinawa makiyaya, suka samu 57.9 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 10 ba su da alamar garkuwar ƙyanda ko kaɗan. Ma'anar wannan ita ce, zaman nesa da juna yana kare makiyaya daga cutar na shekaru, amma kariyar bashi ce. Yaro ya kai shekara takwas, tara, bai kamu ba, ba a kuma yi masa allura ba. Ranar da fari ya kora iyalin zuwa bakin gari, ko aka je biki, ko wani ya dawo daga kasuwa da ita, sai ta kwantar da zango gaba ɗaya, babba da yaro, har a rasa mai ɗebo ruwa. Wannan shi ne babban ɓangaren amsar tambayar da na fara da ita. Yana kuma nuna cewa gangamin da ya tsaya a kan 'yan ƙasa da shekara biyar, a wannan jiha, ya bar aiki a baya.

Lokacin cutar ma sananne ne. Ferrari da abokansa, a mujallar Nature ta 2008, sun nuna cewa ƙyanda a Nijar da rani take tashi, ta lafa da saukar ruwa. Bharti da abokanta a 2011 sun yi amfani da hotunan hasken dare daga tauraron ɗan'adam a Yamai, Maraɗi da Damagaram, suka nuna cewa shigowar 'yan cin rani cikin birane ce ke hura ta. A arewa rani yana tara mutane ta wata hanya: tabkuna sun ƙafe, kowane dangi ya koma rijiyarsa, ba ya nisa da ita sai ruwa ya sauka. Watannin da haɗarin ya fi yawa su ne kuma watannin da makiyayi ya fi sauƙin samu. Duk wanda ya san rijiyoyin gunduma da ranakun kasuwanninta ya san inda yaran suke.

Ana yawan kawo taron makiyaya na Ingal, wanda aka fi sani da Cure Salée, a matsayin maganin wannan matsala, kuma gaskiya ne hukuma kan kai ma'aikatan lafiya can a watan Satumba. Dama ce mai kyau, bai kamata a raina ta ba. Sai dai kwanaki kaɗan ne a shekara, kuma mata masu goyo da yawa suna zango tare da ƙananan dabbobi, ba a filin biki ba. Jaririn da ke wata bakwai ranar taron ba zai samu allura ba, badi kuma ya riga ya ratsa rani guda babu kariya. Darasin Cadi ya fi dacewa da mu. A farkon shekarun 2000, binciken da aka yi tsakanin makiyayan Shari-Bagirmi bai samu yaro ko ɗaya da ya kammala allurarsa ba, alhali ana yi wa shanunsu rigakafi. Sai masu binciken, su Schelling da Zinsstag, tare da hukumomin ƙasar, suka haɗa likitan dabbobi da ma'aikacin lafiya a mota ɗaya. Kuɗin fita ya ragu, makiyaya kuma suka karɓa, domin sun riga sun amince da mai duba dukiyarsu.

Masu wucewa

Agadas zango ce tun zamanin ayarin gishiri, har yau kuma zango ce. A Oktoban 2013 aka tsinci gawar mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga cikinsu yara ne, yawancinsu daga yankin Kance. Wannan musiba ce ta sa duniya ta san cewa mata da ƙananan yara daga kudancin Damagaram suna bin wannan hanya. Tun daga ƙarshen 2014 Aljeriya ke dawo da 'yan Nijar cikin ayarin motoci zuwa garin Asamaka da ke bakin iyaka, wasu baƙin kuma a sauke su a hamada, kusan kilomita 15 daga garin, su ƙaraso da ƙafa.

Mu duba rayuwar yaro ɗaya daga cikin irin waɗannan ta fuskar rigakafi. An haife shi a Kance, ya samu allurar farko-farko, aka tafi da shi yana wata huɗu. A Aljeriya uwarsa ba ta da takarda, ba za ta kusanci asibitin hukuma ba. An dawo da shi yana shekara biyu, bayan kwanaki a tsare cikin cunkoso. A lissafin Kance yana cikin waɗanda suka ɓace. A lissafin Agadas babu shi sam. Zai kwana kaɗan a Asamaka ko Arlit ko Agadas, a sa shi mota zuwa kudu. Ƙyanda kuwa tana ɓoye a jiki kwana 10 zuwa 14 kafin ta nuna kanta, don haka yana iya ɗaukarta a nan ya kai ta Kance, ko ya zo da ita ya bar wa yaran tasha. Ƙa'idar aikin agaji ta duniya ta ce a wuraren cunkoso irin wannan a yi wa kowane yaro daga wata 6 zuwa shekara 15 allura, ba tare da tambayar karne ba. Asamaka ƙofa ɗaya ce da dubban yara ke bi, kuma babu inda allura ɗaya za ta yi amfani kamar nan.

Dokar 2015-36 ta hana safarar baƙin haure ta tura matafiya ɓoye cikin gidaje da hanyoyin bayan gari har zuwa soke ta a Nuwamban 2023. Wanda ke ɓuya ba ya kai ɗansa awo. Garuruwan da suka tsiro a kewayen wuraren haƙar zinariya su ma sun tara masu abinci da 'yan kasuwa da iyalansu, a wuraren da taswirar lafiya ba ta san da gari ba.

Zancen jahilcin iyaye

Kusan duk rahoton da ya taɓo wannan batu sai ya ce iyaye ba su waye ba. Gaskiya ne binciken ƙasa yana nuna 'ya'yan matan da suka yi makaranta sun fi samun allura. Amma matar da ta yi makaranta galibi ita ce ke zaune inda akwai makaranta, inda akwai makaranta kuma nan ne akwai cibiyar lafiya. Ban yarda a ɗora wa karatu abin da nisa ya jawo ba. Loutan da Paillard sun gano cewa idan uwa makiyayiya ta ce ɗanta ya taɓa yin ƙyanda, fiye da sau 9 cikin 10 gwajin jini yana gaskata ta. Waɗannan mata sun san cutar, suna tsoronta, wasunsu sun binne 'ya'ya saboda ita.

Abin da ke akwai shi ne ƙarancin bayani, kuma wannan laifin namu ne. An shafe shekaru ana bin gida-gida ana ɗiga maganin shan inna, har uwa ta ɗauka ɗanta ya gama rigakafi tun da an ɗiga masa sau da yawa. An kuma shafe shekaru ana ce mata allurar wata tara ita ce ta ƙarshe, sai ga ta biyu ta zo a 2014, ba kowa aka zauna aka yi wa bayani ba. Cikin birnin Agadas Hausa ta wadatar, amma ma'aikacin da aka turo daga kudu zuwa Iferwan ko Dirku yana iya samun kansa gaban matar da Tamajak ko Tubanci kaɗai take ji. Ga kuma tsawa idan karne ya ɓata, a rayuwar da ake ɗaure kaya a kan raƙumi sau da yawa a shekara. Wadda aka kunyata gaban mata ba ta komawa. Sau da yawa ma shawarar tafiyar ba a hannunta take ba, mai gida ne zai ba da izini da abin hawa da kuɗin hanya, shi kuma ba wanda ya yi magana da shi.

Jita-jita akwai ta. Ƙauracewar rigakafin shan inna da aka yi a Kano a 2003 da 2004 ta bar tabo har tsallaken iyaka, korona kuma ta sa mutane gudun asibiti a 2020, abin da MSF ta lissafa cikin dalilan annobar 2021. A nan Mai Martaba Sarkin Abzin, da tamburan Abzinawa, da arɗon Fulani, da limamai, suna da rawar da babu mai taka musu. Amma kada a nemi sarki ya kira jama'a su fito, su fito su tarar an hana fasa kwalba.

Inda ya kamata a sa hannu

Mafi arha shi ne umarni a rubuce daga hukumar lafiya ta jiha cewa a fasa kwalba ko domin yaro ɗaya, a kuma daina auna ma'aikacin karkara da ma'aunin asarar birni, tare da neman kwalba mai allura biyar. Haka nan duk yaron da ya haura wata 9 ya zo cibiya, ko zazzaɓi ya kawo shi ko rakiyar uwarsa, a duba a yi masa, ko ya wuce shekara, ko ba shi da karne, ko ba ɗan yankin ba ne.

Mai tsadar shi ne fitar mota. Ra'ayina, kuɗinta ya zama layi mai zaman kansa a kasafin kowace daga gundumomin lafiya bakwai na jihar, kada ya dogara ga aikin wata ƙungiya da zai ƙare bayan shekara biyu. A tsara fitar bisa kalandar rijiyoyi da kasuwanni, tare da ma'aikatan kiwo, a fara kafin zafin rani. Firji mai aiki da hasken rana ya rage matsalar sanyi a cibiyoyi da yawa. Akwai kuma fata a kan allurar manne, wadda ake liƙawa a fata ba tare da soka allura ba, da aka gwada a Gambiya aka wallafa sakamakonta mai ƙarfafa gwiwa a 2024, sai dai ba ta iso kasuwa ba, kuma yaran bana ba za su jira ta ba.

Ga mu masu bincike kuwa, aikin Loutan da Paillard ya haura shekara talatin. Ya kamata a sake shi, da faɗi: a zaɓi samfuri daga jerin rijiyoyi, da kasuwanni, da wuraren haƙar zinariya, maimakon jerin gidaje, a haɗa da gwajin jini, a kuma ɗauki yara har zuwa shekara 15. Jami'ar Agadas da sashen koyon aikin likita na Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai suna iya ɗaukar wannan aiki tare da hukumar lafiya ta jiha, su fara da gundumomin Ingal da Iferwan, su fitar da sakamakon kowace gunduma daban.